Yadda Ake Ɗora Ubuntu a Cikin VirtualBox Don Rubuta Manhaja, Ba Tare da An Goge Windows Ba

Tun da aka koma karatu, da wuya mako ya wuce wani daga cikin ƙannenmu bai tare ni da wannan tambayar ba. Ko dai malaminsu ya ce kowa ya zo da Linux a kwamfutarsa, ko kuma ya fara bin darasin rubuta manhaja ya tarar duk umarnin da ake bugawa na Linux ne. Shi kuma laftof ɗinsa ɗaya tilo, a ciki yake da Word, da hotunan gida, da rubutun aikinsa na kammala digiri. Sai ka ji ya ce, "Yaya, wai sai na goge Windows?"

Ba sai ka goge ba. Akwai manhajar da ke ƙirƙirar kwamfuta ta biyu a cikin wadda kake da ita, ka ɗora mata Linux, ta riƙa buɗewa a tagarta kamar yadda Chrome yake buɗewa. In ka ɓata ta, fayil ne kawai ya ɓaci, kayanka na nan lafiya. A wannan bayanin zan riƙa kiran Windows ɗinka "mai masauki", kwamfutar da za mu ƙirƙira kuma "baƙuwa". Zan yi amfani da manhajar VirtualBox da Ubuntu 24.04, wanda nau'in Linux ne, a kan Windows 10 ko 11. VirtualBox da Ubuntu kyauta ne, ba lasisin da za ka biya. Abin da zai ci kuɗinka shi ne data, sai kuma RAM in naka ya gaza.

1. Auna ƙarfin laftof ɗinka kafin ka sayi data

Danna Ctrl, Shift da Esc a tare, Task Manager zai buɗe. Shiga Performance ka duba abu uku.

Na farko, Memory, wato RAM. In kana da giga 8, aiki zai tafi: 4 na mai masauki, 4 na baƙuwa. In 16 ne, ka huta. In giga 4 ne kacal, gaskiyar magana Ubuntu mai cikakkiyar fuska ba zai yi maka daɗi ba, domin shi kaɗai yana neman giga 4. Sai dai ka ɗauki Lubuntu, wanda ya fi sauƙi, ko Ubuntu Server da ba shi da fuska sam, rubutu ne zalla. A wannan shafin dai, ƙasa kaɗan, akwai layin Slots used. In ka ga 1 of 2, akwai gurbin da za a ƙara RAM. Ka tafi da laftof ɗin kansa kasuwar Farm Centre ko Beirut Road a Kano a sa maka a gabanka, a kunna ka ga ya karanta, sannan ka biya. Kada ka je da baki kawai ka ce a ba ka RAM, domin iri-iri ne. HP EliteBook 840 G1 da G2 suna ɗaukar DDR3L, daga G3 kuma DDR4, kuma wannan ba ya shiga gurbin wancan.

Na biyu, Disk. Ka duba ko SSD ne ko HDD, ka kuma tabbata kana da fili aƙalla giga 50. A kan HDD aikin zai yiwu, amma da jan ƙafa ƙwarai. In da za a ce in zaɓa tsakanin ƙara RAM daga 8 zuwa 16 da sauya HDD zuwa SSD, ni SSD zan fara saye.

Na uku, CPU. A gefen dama akwai layin Virtualization. In ya ce Enabled, tsallake mataki na biyu. In Disabled ne, karanta shi da kyau.

2. Kunna damar a cikin BIOS

Nan ne mafi yawan mutane suke maƙalewa, kuma sau da yawa ba sa ganewa sai sun gama sauke komai, VirtualBox ya fito musu da saƙon "VT-x is disabled in the BIOS for all CPU modes". Ba lalacewa ba ce. Wata dama ce ta ƙwaƙwalwar kwamfuta da ake barin ta a kashe a laftof da yawa. Intel na kiran ta VT-x, a AMD kuma AMD-V ce, ko ka gan ta an rubuta SVM Mode.

Kashe laftof ɗin gaba ɗaya, ka kunna, ka riƙa danna maɓallin shiga BIOS, wato shafin saitin laftof ɗin kansa, tun kafin tambarin Windows ya fito. A HP, Esc sannan F10. A Dell, F2. A Lenovo ThinkPad, F1. Acer da Asus galibi F2. Da ka shiga, sai ka nemi kalmar Virtualization. A EliteBook na baya-bayan nan tana ƙarƙashin Advanced, cikin System Options. A Dell tana da sashenta mai suna Virtualization Support. A ThinkPad tana ƙarƙashin Security. Ka kunna, ka adana, ka fita. Da Windows ya dawo, koma Task Manager ka tabbata layin ya koma Enabled.

Hattara: wannan abu ɗaya kawai za ka taɓa a BIOS. Kada ka sauya Secure Boot ko tsarin faifai, domin Windows na iya ƙin tashi, ko ya nemi mabuɗin BitLocker, tsarin kulle faifai na Windows, wanda ƙila ba ka da shi.

Hattara kuma: yawancin laftof ɗin gwanjo da ake shigo da su daga Ingila da Amurka tsoffin kayan kamfanoni ne, wasu kuma suna zuwa da kalmar sirri a kan BIOS. In naka ya nemi kalmar sirrin da ba kai ka sa ba, mayar da shi wurin wanda ya sayar maka. Wanda bai sayi laftof ba tukuna, ya gwada shiga BIOS a shago kafin ya ba da kuɗi.

3. Samo kayan aiki

Abu biyu ake bukata: VirtualBox daga virtualbox.org, ka zaɓi Windows hosts, bai kai mega 200 ba. Sai fayil ɗin Ubuntu mai ƙarewa da .iso daga ubuntu.com. Ka ɗauki 24.04, mai alamar LTS. Irinsa duk shekara biyu ake fitar da shi a watan Afrilu, kuma ana kula da tsaronsa shekara biyar kyauta, don haka 24.04 da ya fito a 2024 yana da kulawa har 2029. Waɗanda ba LTS ba wata tara kawai suke yi a daina kula da su.

Fayil ɗin Ubuntu 24.04 ya kusa giga 6. Lubuntu da Ubuntu Server kowannensu wajen rabin haka. In ka haɗa da sabuntawar da za a yi daga baya da kayan rubuta manhaja, shawarata ka tanadi giga 8 zuwa 10 na data. Hanya mafi arha ita ce mutum ɗaya ya sauke, 'yan aji su kwafa. Lasisin Ubuntu ya halatta haka, ba satar fasaha ba ce. In kai ne mai saukewar kuma sabis ɗin unguwarku yana yankewa, ka yi amfani da torrent ɗin da shafin Ubuntu ya bayar a sashen Alternative downloads, domin yana ɗorawa daga inda ya tsaya.

Hattara da filash: wata ɗaliba ta zo min da filash sabo fil mai giga 32, ranta a ɓace. Ta ce, "Malam, an sayar min da jabu, babu komai a ciki amma ya ce fayil ya yi masa girma." Muka danna dama a kansa, muka shiga Properties, sai ga FAT32 a rubuce. Filash ɗin lafiyarsa ƙalau. Tsarin FAT32 ne ba ya karɓar fayil ɗaya da ya haura giga 4, komai yawan filin da ya rage. Muka yi masa Format zuwa exFAT, fayil ya shiga ba gardama. NTFS ma yana yi.

Ko ta wace hanya ka samu fayil ɗin, tantance shi kafin ka yi amfani da shi. Buɗe PowerShell a foldar da yake, ka buga `Get-FileHash` ka bar tazara, ka rubuta sunan fayil ɗin. Zai fito da dogon jerin haruffa da lambobi. Gwada shi da wanda ke cikin SHA256SUMS a releases.ubuntu.com. In ba su zo ɗaya ba, fayil ɗin ya samu tawaya a hanya, kuma shi ne yake sa ɗorawa ta tsaya a tsakiya ba tare da wani bayani ba.

4. Ɗora VirtualBox

Wannan ba wuya. Buɗe fayil ɗin, ka yi ta Next. Zai gargaɗe ka cewa intanet zai yanke na ɗan lokaci, ka amince, amma kada ka yi shi alhali kana tsaka da sauke Ubuntu. In ya ce yana bukatar Microsoft Visual C++ Redistributable, sauke shi daga shafin Microsoft ka dawo. In ya yi ƙorafin Python Core da win32api, wuce abinka, aikinmu ba ya bukatarsu. Extension Pack ma ba dole ba ne, kuma lasisinsa daban ne: kyauta ga amfanin kai da karatu, kamfani kuwa sai ya biya.

Mai amfani da MacBook na M1 zuwa sama, fayil ɗin Ubuntu na arm64 zai nema, domin na amd64 da muke magana a kai ba zai tashi a wurinsa ba.

5. Ƙirƙiri baƙuwar

Danna New. Sa mata suna mara tazara, misali ubuntu-aiki. A wurin ISO Image nuna masa fayil ɗin da ka tantance. A wurin Folder, in faifanka na C ya kusa cika, mayar da ita wani faifan tun yanzu.

Akwai wani ɗan akwati a nan da ya wahalar da mutane da yawa. VirtualBox na 7 yana son ya ɗora Ubuntu da kansa ba tare da ya tambaye ka komai ba. Ka hana shi. In akwatin ya ce Skip Unattended Installation, sa masa alama. In kuma naka sabo ne ya ce Proceed with Unattended Installation, cire alamar. Dalili shi ne, ɗorawar kai-tsayen ta sha barin mutane da asusun da ba shi da ikon `sudo`, wato ba za su iya ɗora ko da manhaja ɗaya ba. Wasu ma Terminal ɗinsu, wato tagar buga umarni, ƙin buɗewa yake yi. Minti biyar da za ka yi kana amsa tambayoyi da kanka ya fi maka.

Sai rabon kaya. A Base Memory sa 4096 in kana da giga 8, ko 6144 zuwa 8192 in kana da 16. A Processors sa 2, ko rabin abin da kake da shi. Akwai layi mai kore da ja a ƙarƙashin kowanne, kada ka fita daga koren. Mutane suna ganin in sun ba baƙuwa komai za ta fi sauri, alhali mai masauki ne yake ɗauke da ita, in ya galabaita duka biyun ne za su tsaya.

A faifai sa giga 40. Ubuntu na neman 25, amma kayan rubuta manhaja suna da cin wuri, Docker da foldar node_modules kaɗai sun isa su cika maka shi. Kada ka sa alama a Pre-allocate Full Size. In ka bar shi haka, faifan zai fara ƙarami ya riƙa girma gwargwadon abin da ka zuba, ba zai cinye 40 ɗin nan take ba.

Kafin ka kunna, shiga Settings, sashen Display, ka kai Video Memory 128, ka bar Graphics Controller a VMSVGA.

6. Ɗora Ubuntu

Hattara kafin ka danna Start: ka tabbata batirinka zai ɗauki aƙalla awa ɗaya, ko kana wurin da akwai sola ko inbata. A kan SSD aikin kan ɗauki kamar minti ashirin zuwa talatin, a kan HDD ya fi haka nesa. In aka ɗauke wuta laftof ya mutu a tsakiya, sai dai ka sake daga farko. Wanda batirinsa ya mutu, da an zare caja laftof ke mutuwa, kada ya fara wannan a kan wutar layi kaɗai.

Danna Start, ka zaɓi Try or Install Ubuntu. Da ka danna cikin tagar, linzaminka zai iya maƙalewa a ciki. Maɓallin Ctrl na hannun dama shi ne yake sako shi, ka riƙe wannan.

Harshe ka bar shi English, domin in matsala ta taso ka iya neman saƙon kuskuren yadda yake a intanet. Wurin Keyboard kuwa a tsaya a duba. Kalli maɓallin lamba 2 a laftof ɗinka. In alamar @ ce a samansa, English US ne. In alamar zance ce a kansa, kuma ga £ a kan lamba 3, laftof ɗin na Ingila ne, ka zaɓi English UK. Akwai gurbin gwaji a ƙasa, buga @ da # ka gani. Na ga wanda ya sa kalmar sirri mai ɗauke da @ a tsarin da ba na allonsa ba, ya gyara tsarin daga baya, washegari ya kasa shiga kwamfutarsa. Masu son ƙ da ɗ da ɓ, akwai tsarin Hausa na Najeriya a Ubuntu, amma a bari sai an gama a ƙara shi a Settings, ƙarƙashin Keyboard.

Wurin intanet, in datarka ƙididdigagga ce zaɓi Do not connect to the internet, za mu sabunta daga baya a lokacin da ka shirya. Sai Interactive installation, sai Default selection.

Yanzu za ka ga zaɓin da yake tayar wa kowa hankali: Erase disk and install Ubuntu. Zaɓe shi. Faifan da ake nufi shi ne na giga 40 ɗin da ka ƙirƙira a mataki na biyar, baƙuwar ba ta ma san da faifanka na gaske ba. Wannan maganar ta tsaya ga wanda yake cikin tagar VirtualBox. Wanda ya tayar da laftof ɗinsa kai-tsaye daga filash, wannan zaɓin Windows ɗinsa zai share.

Sunan asusu da ƙananan haruffa, ba tazara. Wurin lokaci zaɓi Lagos, agogon Najeriya ɗaya ne. Danna Install ka jira. In ya gama zai ce ka cire faifan ɗorawa ka danna Enter. VirtualBox kan cire shi da kansa, danna Enter kawai.

In komai yana tafiyar hawainiya: dubi ƙasan tagar ta hannun dama. In ka ga hoton koren kunkuru, Hyper-V na Windows ne ya riga VirtualBox kama damar da muka kunna a BIOS. Nemi Turn Windows features on or off, ka cire alama a Hyper-V, da Virtual Machine Platform, da Windows Hypervisor Platform. Sannan a Windows Security, ƙarƙashin Core isolation, akwai Memory integrity, shi ma yana jawo kunkurun. Ka sani kashe shi rage wani ɓangare ne na tsaron Windows, kuma kashe waɗancan zai tsayar da WSL2 da Docker Desktop in kana amfani da su. Ka auna wanda ya fi maka muhimmanci. In allon ya yi baƙi ƙirin ya ƙi motsi, kashe baƙuwar ka duba Display, ka cire alamar 3D Acceleration in tana kunne.

7. Ɗaure bakin data, sannan ka sabunta

Wannan matakin ba kasafai ake faɗarsa ba, amma a wurinmu shi ne gaba. Ko ka gaya wa Windows cewa hotspot ɗin wayarka na ƙididdiga ne, baƙuwar ba ta sani ba. Ita a ganinta kebul ɗin intanet aka jona mata, sai ta kama sauke sabuntawa a ɓoye. Ka shiga Settings na Ubuntu, sashen Network, ka danna alamar saiti a gefen Wired, ka sa alama a Metered connection. Sannan buɗe Terminal da Ctrl, Alt da T, ka buga:

`sudo snap set system refresh.metered=hold`

Zai nemi kalmar sirri. Kana bugawa ba za ka ga komai ba, ko tauraro, haka Linux yake. Buga ka danna Enter.

Ranar da kake da isasshiyar data, sai ka yi:

`sudo apt update`
`sudo apt upgrade`

Na biyun zai faɗa maka yawan abin da zai sauke kafin ya fara. Karanta sannan ka amsa. Riƙe sabuntawa na ɗan lokaci ne, kada ka bar ta wata da watanni, gyaran tsaro a cikinta yake.

8. Guest Additions

Za ka lura tagar ƙarama ce, kuma ba ka iya kwafo rubutu daga Windows. Maganinsa ke nan. Da farko:

`sudo apt install build-essential dkms bzip2 linux-headers-$(uname -r)`

Sannan a saman tagar VirtualBox danna Devices, ka zaɓi Insert Guest Additions CD image. Hoton faifai zai fito a gefen hagu, danna shi sau ɗaya, ka koma Terminal:

`cd /media/$USER/VBox_GAs_*`
`sudo sh ./VBoxLinuxAdditions.run`
`sudo reboot`

Kuskuren da aka fi yi shi ne tsallake umarnin farko, sai na VBoxLinuxAdditions.run ya gaza gina abin da yake bukata. Da ta dawo, allo zai riƙa bin girman taga, Ctrl na dama da F kuma zai cika fuska. A Devices, sa Shared Clipboard a Bidirectional. A cikin Terminal ana liƙa rubutu da Ctrl, Shift da V, ba Ctrl da V kaɗai ba.

9. Ɗauki Snapshot yanzu

Kashe baƙuwar, ka danna alamar jeri a gefen sunanta, ka shiga Snapshots, ka danna Take, ka sa masa suna "sabuwa fil". Wannan ya adana yanayinta na wannan lokacin. Duk ranar da ka buga umarnin da ya rikita komai, Restore zai mayar da kai nan cikin daƙiƙu, ba sake ɗorawa, ba sake kashe data. Saboda wannan ne ma nake fifita baƙuwa a kan raba faifai gida biyu ga mai koyo. Ka saba da ɗaukar sabo kafin kowane babban gwaji.

Hattara: Restore yana share duk abin da ka rubuta bayan ɗaukar Snapshot ɗin, har da aikinka. Kuma Snapshot ɗin yana zaune ne a faifan laftof ɗin, in aka sace laftof ko faifan ya mutu, tare za su tafi. Kada ka tara su da yawa, biyu ko uku sun isa, suna cin wuri. Kada kuma ka shiga foldar VirtualBox VMs ka goge wani fayil da hannu, daga cikin VirtualBox ake gogewa.

10. Kayan rubuta manhaja

`sudo apt install git curl python3-venv python3-pip openssh-server`

Gaya wa Git ko kai wane ne da `git config --global user.name` da `git config --global user.email`, kowanne ka biyo shi da naka a cikin alamar zance. VS Code yana shiga da `sudo snap install code --classic`.

Masu Python, Ubuntu 24.04 da 3.12 yake zuwa. In ka buga `pip install` kai-tsaye zai ƙi, ya ce externally-managed-environment. Kada ka tilasta shi, Ubuntu kansa yana dogara da wannan Python ɗin. A cikin foldar aikinka ka yi `python3 -m venv .venv` sannan `source .venv/bin/activate`, daga nan pip zai yi aiki.

Don musayar fayil da Windows, shiga Settings na VirtualBox, Shared Folders, ka ƙara folda, ka sa alama a Auto-mount. Za ta fito a /media da sunan da ya fara da sf_. In ta ce ba ka da izini, buga `sudo usermod -aG vboxsf $USER` ka sake kunna baƙuwar.

Hattara: wannan foldar ta miƙa fayil ce kawai. Kada ka ajiye aikinka a cikinta ka yi `npm install` ko venv, za su yi ta gazawa saboda ba ta yarda da mahaɗan fayil irin na Linux. Aikinka ya zauna a foldar gida ta Ubuntu, ka riƙa tura shi GitHub ko GitLab duk ranar da ka taɓa shi. Masu gina manhajar Android kuma, kada ku wahalar da kanku da kunna emulator a cikin baƙuwa. Ku bar Android Studio a Windows, ko ku gwada a wayar gaske.

11. Ganin aikinka daga Windows

Baƙuwar tana fita intanet ta hanyar da ake kira NAT, adireshinta 10.0.2.15, kuma Windows ba ya iya shiga wurinta kai-tsaye sai ka buɗe ƙofa. A Settings, Network, nemi Port Forwarding. Ƙara layi biyu: Host Port 8000 zuwa Guest Port 8000, da Host Port 2222 zuwa Guest Port 22. A gurbin Host IP sa 127.0.0.1, don kada wanda kuke kan Wi-Fi ɗaya da shi ya samu shiga.

Sai ka tayar da aikinka yana sauraron kowane adireshi. A Django, `python manage.py runserver 0.0.0.0:8000`. In ka manta 0.0.0.0 ɗin, burauzar Windows ba za ta ga komai ba a localhost:8000, ko da saitinka daidai ne. Layi na biyun kuma shi zai ba ka damar buga `ssh -p 2222 sunanka@127.0.0.1` daga PowerShell. Masu giga 4 da suka ɗora Ubuntu Server, hanyarku ke nan: VS Code a Windows da ƙarin Remote SSH, rubutu a nan, aiki a can, baƙuwar kuma giga 1 ko 2 sun ishe ta.

12. Kashewa, zafi da ƙura

In ka danna alamar rufe taga za ka ga zaɓi uku. Send the shutdown signal shi ne kashewa ta ƙa'ida. Save the machine state yana daskarar da komai yadda yake, ka dawo ka tarar da Terminal ɗinka a buɗe. Shi nake amfani da shi da zarar an ɗauke wuta na ga batir ya fara ƙasa, domin 'yan daƙiƙu yake ɗauka a kan SSD. Power off the machine daidai yake da fizge waya daga soket, sai in ta sandare babu yadda za a yi.

Kwamfuta biyu a jiki ɗaya zafi suke haifarwa, ga zafin Kano na watan Afrilu da yake haura digiri 40. Kada ka ɗora laftof a kan katifa, darduma ko filo, domin ta ƙasa yake shan iska. Teburi, ko tiren ƙarfe, ko ka ɗaga bayansa da littafi. In fanka tana ƙara ba tsayawa, ko yana mutuwa da kansa da ka kunna baƙuwa, kai shi a buɗe. Bayan hunturun bara na buɗe wani ThinkPad na tarar ƙura ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga, ta toshe mafitar iska gaba ɗaya. Aka share, aka sa sabon man sanyaya ƙwaƙwalwa, mutuwar ta daina.

In komai ya zauna daidai, kashe baƙuwar ka shiga File, Export Appliance. Zai haɗa ta a fayil ɗaya mai ƙarewa da .ova, ka kwafe shi a filash ɗin exFAT ko faifan waje. In ka sauya laftof, Import Appliance zai dawo maka da ita da duk kayanta. In kuma 'yan ajinku za ka ba, fitar da ita tun kafin ka shiga GitHub ko ka ajiye mabuɗin SSH a ciki, kowa kuma ya sauya kalmar sirri da umarnin `passwd` da zarar ya kunna tasa.